Yadda ake sallamar masu gadin ƙofofin da ba mai shiga a Linux

Ranar wata Talata ce, ana irin ruwan nan na Legas da ke hana kowa fita, ni da yaron da nake koya wa aiki muna shago a Agege muna fama da wata 'yar kwamfuta. Tokumbo ce da na ɗauko a Computer Village da ke Ikeja, girmanta bai fi na bulo ɗaya ba, ram ɗinta megabayit 256 kacal. Wani Alhaji mai harkar albasa a Mile 12 ne yake son ta zauna a ofishinsa ta riƙe lissafin kaya, ta kuma raba wa yaransa firinta ɗaya. Ba sikirin za a sa mata ba, ba kibod. A kunna ta a tura ta ƙarƙashin tebur, shi ke nan.

Yaron yana kallon jerin shirye-shiryen da ke gudana sai ya ce, "Oga, wannan getty ɗin fa? Na ƙirga har guda shida, kuma ba abin da suke yi."

Na ce masa masu gadi ne. Ya ce, "To ƙofar me suke gadi, tunda ba mai shigowa?"

Amsar tambayarsa ce wannan rubutun.

Su wane ne waɗannan shidan

Kafin kwamfuta ta zama abin da kowa ke ɗauka a jaka, inji ɗaya ne babba, mutane da yawa suna haɗuwa da shi ta wasu na'urorin buga rubutu da ake kira teletayif. Daga sunan nan aka gutsuro tty. Kowace na'ura tana da shirin da ke zaune a bakinta, ya buga `login:` ya jira wani ya zo ya rubuta sunansa, sannan ya miƙa shi ga shirin `login` da zai tambayi kalmar sirri. Shirin nan mai jira shi ne getty. Lambar 38400 da za ka gani a gefensa ma gadon wancan zamanin ce, saurin layin waya ne, a kan sikirin ɗinka ba ta da wani tasiri.

Linux ya riƙe al'adar, sai dai ya mayar da na'urorin na gaibu. Sikirin ɗaya da kibod ɗaya, amma idan ka danna Ctrl da Alt da F2 za ka faɗa tty2, F3 ta kai ka tty3, haka har F6. Kanel ɗin, wato zuciyar Linux, yana iya buɗe irinsu har 63, amma shida aka saba tanada. Ka ɗauke su kamar gida mai zaure shida, kowane zaure an ajiye masa maigadi da tabarmarsa. Maigidan kuwa ta ƙofa ɗaya yake shiga kullum, wani lokacin ma ta baya yake bi.

Ta bayan nan ita ce SSH, hanyar shiga injin daga wata kwamfuta ta netwok. Wannan ka riƙe shi da kyau, domin a nan mutane suke ruɗewa: wanda ya shigo ta SSH bai bi ta kan getty ba ko kaɗan, `sshd` ne ke karɓarsa ya buɗe masa tasa taminal ɗin daban, irin su `pts/0`. Saboda haka duk abin da za mu taɓa a nan bai shafi shigarka daga nesa ba.

Mataki na farko: auna kafin ka taɓa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Buga wannan ka ga masu gadi nawa ne a zaune:

```
ps -e -o pid,tty,rss,args | grep '[g]etty'
```

Za ka ga lambar kowane, ƙofar da yake, da adadin ram ɗin da yake riƙe a kilobayit. A injinan da na saba taɓawa kowane ɗaya ba ya wuce megabayit biyu. Sai dai kada ka yi saurin ninka wannan sau shida ka fara murna. Lambar ram ɗin nan, da ake kira RSS, tana haɗawa da abin da suke tarayya a kai. Duk shidan kwafi ɗaya na shirin suke karantawa, da kwafi ɗaya na `libc`, taskar kayan aikin da shirye-shirye ke aro daga cikinta, kamar mutum shida ne suka kewaye kwanon tuwo ɗaya kowa yana cewa kwanona. Idan ka kori biyar kwanon yana nan, na shidan yana ci.

Gaskiyar lissafin tana wurin PSS, wadda ke raba abin tarayya daidai tsakaninsu. Idan kanel ɗinka ya kai 4.14 ko ya wuce, shiga a matsayin root, mai cikakken iko a injin, ka buga:

```
for p in $(pgrep getty); do grep '^Pss:' /proc/$p/smaps_rollup; done
```

Tara lambobin da suka fito. Rubuta jimlar a takarda, ka rubuta abin da `free -m` ya nuna a ƙarƙashin `available`. Da su za ka gane ko wahalarka ta biya.

Bari in faɗa maka ra'ayina tun yanzu, kada ka ce na ɓoye. Idan laftof ɗinka na da gigabayit 8 ko ma 4, ka bar kaza cikin gashinta. Shafi ɗaya na Facebook a burawuza ya fi duk masu gadin nan ci nesa ba kusa ba. Kuma getty da ke jira ba ya cin ƙarfin furosesa, barci yake har sai an taɓa kibod, don haka wanda ya ce maka korarsa zai sa inbata ta ƙara daɗewa ya faɗi son ransa ne. Aikin nan na ƙananan injina ne: rawuta mai megabayit 32 ko 64, tsohuwar akwati irin ta Alhajin nan, Raspberry Pi Zero mai 512, ko kuma inda ka cusa injinan gaibu (virtual machines) ashirin ko talatin a cikin saba ɗaya, inda ɗan kaɗan ɗin kowane ke taruwa ya zama wani abu.

Mataki na biyu: gano wa ke ɗaukar masu gadin aiki

Ba su ke kawo kansu ba. Shiri na farko da kanel ke tayarwa, mai lamba 1, wanda ake kira init, shi ke ɗora su, kuma idan ɗaya ya mutu ya ɗora wani nan take. Shi ya sa `kill` kaɗai ba ya magani, kana kashewa yana dawowa. Dole ka je wurin ubangidan. Tambaye shi sunansa:

```
cat /proc/1/comm
readlink -f /sbin/init
```

Idan ka ga `systemd`, to kana kan irin su Debian daga na 8 da ya fito a 2015, ko Ubuntu, ko Fedora. Idan na farko ya ce `init` na biyu ya nuna `busybox`, kana kan Alpine ko wani ƙaramin tsari irinsa. Idan ya ce `init` kuma bai kai ka ga busybox ba, tsohon sysvinit ne, irin wanda Devuan ke zuwa da shi. Idan `runit` ne, wataƙila Void. Kowane da hanyarsa, ka tsallaka zuwa naka.

Amma kafin nan, duk fayil ɗin da za ka gyara ka fara kwafe shi:

```
cp /etc/inittab /etc/inittab.asali
```

Idan BusyBox ne

Da wannan zan fara domin a nan ne ainihin dabarar jinkirta tayar da getty har sai an buƙace shi take, a sarari, da kalma ɗaya. BusyBox, wato tarin ƙananan shirye-shirye da aka dunƙule a jiki ɗaya, tun asali don ƙunci aka yi shi. Bruce Perens ne ya fara shi a tsakiyar shekarun 1990 domin ya shige cikin faifan fulofi ɗaya na girka Debian, saboda haka masu shi sun san darajar kowane kilobayit.

Buɗe `/etc/inittab`. A Alpine za ka tarar da layuka kamar haka:

```
tty1::respawn:/sbin/getty 38400 tty1
tty2::respawn:/sbin/getty 38400 tty2
tty3::respawn:/sbin/getty 38400 tty3
```

har zuwa tty6. Kowane layi gida huɗu ne da alamar ɗigo biyu ta raba. Na farko ƙofar, na biyu BusyBox ba ya kula shi, na uku abin da za a yi, na huɗu shirin da za a tayar. `respawn` na nufin a tayar da shi yanzu, in ya mutu a sake. Canza shi zuwa `askfirst` a layukan da kake son jinkirtawa:

```
tty1::respawn:/sbin/getty 38400 tty1
tty2::askfirst:/sbin/getty 38400 tty2
tty3::askfirst:/sbin/getty 38400 tty3
```

Yanzu idan ka leƙa tty2 ba za ka ga `login:` ba. Za ka ga `Please press Enter to activate this console.`, wato ka danna Enter ƙofar ta buɗe. Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne init ya tsaga kansa biyu, ɗan tsagin ya zauna yana jiran Enter, bai loda komai sabo ba. Kusan duk ram ɗin da yake amfani da shi na uban ne, aro yake. Sai ka danna sannan ya rikiɗe ya zama getty. Ka gama aikinka ka fita, ya koma jiran Enter.

Domin init ya sake karanta fayil ɗin:

```
kill -HUP 1
```

Tsofaffin getty da ke zaune ba lallai su tashi da kansu ba. Ka kashe su da lambobinsu, waɗanda za su maye gurbinsu za su zo da sabon tsari. In ba ka son dogon zance, sake kunna injin.

Abu biyu game da wannan. Na ɗaya, a Alpine shi kansa getty ɗin BusyBox ne, jiki ɗaya ne da init, don haka ribar `askfirst` a kansa ba ta da yawa. Ta fi fitowa idan abin da ke layin babba ne, kamar bash ko agetty (wani nau'in getty) na kunshin util-linux ko wani shirin menu da ka rubuta. Idan ka san ƙofa ta huɗu da ta biyar da ta shida ba za ka taɓa shigarsu ba har injin ya mutu, sa musu `#` a farkon layi kawai, ka bar biyu ko uku a kan `askfirst`.

Na biyu ya fi muhimmanci. Za ka ga misalai da yawa an rubuta `tty2::askfirst:/bin/sh`. Wannan ba jinkirta tambayar kalmar sirri ba ne, cire ta ne gaba ɗaya. Duk wanda ya jona kibod ya danna Enter ya zama root. A kan teburin gwajinka ba laifi. A ofishin da ke tsakiyar kasuwa, inda masu dako da direbobi da 'yan cajin waya ke shiga da fita tun asuba, ka bar getty ko login a layin.

Masu rawuta mai OpenWrt kuma ku huta, an riga an yi muku. Ku duba `/etc/inittab` ɗinku za ku ga `askconsole` ko `askfirst` a ciki.

Idan sysvinit ne

Akwatin Alhaji Devuan na sa mata, don haka a nan muka fi daɗewa ni da yaron. Layukan kusan haka suke:

```
1:2345:respawn:/sbin/getty --noclear 38400 tty1
2:23:respawn:/sbin/getty 38400 tty2
3:23:respawn:/sbin/getty 38400 tty3
```

Sun yi kama da na BusyBox amma ba ɗaya ba ne. Gidan farko a nan suna ne kawai, na biyu matakan gudu da layin ke aiki a cikinsu. Kuma sysvinit bai san `askfirst` ba. In ka rubuta masa zai yi ƙorafi ya tsallake layin.

Dabarar da ta fara zuwa mini, kuma na san za ta zo maka, ita ce in rubuta ɗan sikirif da zai buga "danna Enter", ya jira da `read`, sannan ya kira getty. Na rubuta, ya yi aiki, yaron har da tafi. Da muka auna sai muka ga ba cinya ba ƙafar baya: shel ɗin, wato shirin da ke gudanar da sikirif ɗin, da ke zaune yana jiran Enter shi ma ram yake ci, kusan daidai da getty ɗin da muka kora. Mun sallami maigadi mun ɗauki ƙaninsa a albashi ɗaya. Haka nan zaɓuɓɓukan agetty irin su `--login-pause` da `--wait-cr` da `--delay`. Suna jinkirta fitowar `login:` a ido, amma shirin ya riga ya hau ram yana zaune. Suna da amfaninsu, ba wannan ba ne.

Hanyar da ta biya ita ce a rufe ƙofofin gaba ɗaya, a bar mabuɗi a hannu. Sa `#` a gaban layukan 3 zuwa 6. Ni nakan bar 1 da 2, zan faɗi dalili. Sannan nemi wani layi da Debian da Devuan ke ajiyewa a rufe a cikin fayil ɗin, mai farawa da `kb::kbrequest`. Wannan layin yana tashi ne idan wanda ke zaune gaban injin ya danna Alt da kibiyar sama. Mayar da shi haka:

```
kb::kbrequest:/bin/openvt -s -- /sbin/agetty --noclear - linux
```

`openvt` yana cikin kunshin `kbd`. Aikinsa ya nemo ƙofa ta farko da ba kowa, ya buɗe ta, ya tayar da shirin da ka ba shi a ciki. `-s` ke sa sikirin ya koma can kai tsaye. Ɗan layin `-` da ke bayan `--noclear` yana gaya wa agetty ya yi amfani da ƙofar da aka riga aka ba shi. Tabbatar da inda openvt yake a injinka da `command -v openvt`, domin wani wuri a `/usr/bin` yake. Sai ka gaya wa init:

```
telinit q
```

Nan take zai sake karanta fayil ɗin ya sallami waɗanda ka rufe layinsu. Jona kibod ka gwada Alt da kibiyar sama, sabon `login:` zai fito a tty3. Ka fita, ba mai sake tayar da shi, sai ka sake kira. Lura cewa maɓallan nan a baƙin allon rubutu suke aiki, ba a cikin tagogin zane ba.

Ƙofar da aka taɓa buɗewa kanel yana ci gaba da riƙe mata ɗan wurin ajiye abin da ke allonta ko bayan kowa ya fita. `deallocvt` yana sakin duk waɗanda ba a amfani da su. Ɗan kaɗan ne, amma tunda tsintar ƙwaya muka fito, a haɗa da shi.

Idan bayan `telinit q` ka fara ganin saƙo mai cewa `respawning too fast: disabled for 5 minutes`, ka yi kuskuren rubutu a wani layi. Shirin yana tashi yana faɗuwa, init ya gwada sau goma cikin minti biyu ya gaji ya dakatar da shi na minti biyar. Gyara layin ka sake `telinit q`, ba sai ka jira minti biyar ɗin ba.

Abin da ya sa nake barin biyu

Shekarun baya na yi wa wani ofishi irin wannan aikin, lokacin ina ji da kaina. Na ce tunda ta SSH nake shiga, me zan yi da ko ɗaya? Na rufe shidan duka. Wata biyu lafiya lau. Ran nan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu a faifai, aka tayar da janareta, injin ya tashi amma netwok bai tashi ba. Suka kira ni. Na ɗauki sikirin a hammata na shiga danfo, na sha gosulo na fi awa biyu, na isa na jona. Saƙonnin tashi suka gama gudu, sai ɗan ɗigon nan yana ƙyaftawa a baƙin allo. F1 shiru, F2 shiru, har F6. Na kulle gida na jefa mabuɗi a rijiya da hannuna. Mai ofishin yana tsaye a kaina yana cewa, "Malam, lafiya dai ko?" ni kuwa gumi kawai nake.

In hakan ta same ka, ga mafita. Sake kunna injin, a menu na GRUB, wanda ke fitowa kafin Linux ya tashi, danna `e`, je ƙarshen layin da ya fara da `linux` ka ƙara `init=/bin/sh`, ka danna Ctrl da X. Za ka faɗa shel na root. Faifan a karanta-kawai yake, sai ka buga:

```
mount -o remount,rw /
cp /etc/inittab.asali /etc/inittab
sync
```

sannan ka sake kunnawa. Ka ga amfanin kwafin nan da na ce ka ajiye. Ni ranar ban da shi, da hannu na sake rubuta layin daga ka.

Ƙofa ta farko ke nan. Ta biyun kuma don ranar da wani shiri zai maƙale a ta farko ya ƙi jin Ctrl da C, ka samu inda za ka zagaya ka kashe shi.

Idan systemd ne

A nan labari mai daɗi ne: an riga an yi maka aikin, sai dai idan wani abu ya ɓata shi. A tsarin systemd, getty ɗaya ne ke tashi da injin, na tty1. Sauran sai ka danna Ctrl da Alt da F3, misali, sannan `systemd-logind` ya lura an shigo ƙofar da ba kowa, ya tayar da `autovt@tty3.service`, wanda wani suna ne kawai na `getty@tty3.service`. Kafin idonka ya gama sabawa da allon `login:` ya fito, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san ba ya nan tun farko ba. Kana iya ganin abin da idonka ko daga nesa. Ta SSH buga:

```
systemctl list-units 'getty@*'
chvt 4
systemctl list-units 'getty@*'
```

A karo na biyu za ka ga na tty4 ya bayyana. `chvt 1` ya mayar da sikirin inda yake. Sai dai wanda ya tashi ba ya komawa barci da kansa ko ka fita, ana sake ɗora shi. Ka sallame shi da `systemctl stop getty@tty4.service`.

To idan ka kunna injin sabo, ba ka taɓa komai ba, ka tarar da shida a zaune fa? Wuri biyu za ka duba. Na farko:

```
ls /etc/systemd/system/getty.target.wants/
```

Abin da ya kamata ka gani shi ne `getty@tty1.service` shi kaɗai. In akwai wasu, wani ne ya kunna su da hannu. Kashe kowane da `systemctl disable --now getty@tty2.service`, ka canza lambar. Ba ka rasa ƙofar ba, logind zai buɗe ta ranar da ka zo.

Na biyu ya fi kama masu Debian da suka girka tsari ɗan mitsitsi. logind ba ya aiki sai da dbus, shirin da ke kai saƙo tsakanin shirye-shirye. Idan ka ƙi girka dbus don tsimin wuri, Debian tana da wani `getty-static.service` da ke cewa tunda ba mai buɗe ƙofa idan an ƙwanƙwasa, bari a zaunar da masu gadi daga tty2 zuwa tty6 tun yanzu. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zaɓi biyu gare ka. Ko ka girka dbus ka samu buɗewa bisa buƙata, wanda shi ma dbus ɗin da logind suna da nasu cin, ko ka toshe wancan:

```
systemctl mask getty-static.service
systemctl enable getty@tty2.service
```

Da haka kana da biyu a zaune, sauran huɗun babu su sam. A injin da ram ya yi wa ƙaranci sosai na biyun nake zaɓa.

Idan kuma so kake ka rage yawan ƙofofin da logind zai yarda ya buɗe, ƙirƙiri fayil ɗinka maimakon taɓa na asali, domin sabuntawa kada ta goge maka:

```
mkdir -p /etc/systemd/logind.conf.d
```

A ciki ka yi `kofofi.conf` mai ɗauke da:

```
[Login]
NAutoVTs=2
ReserveVT=2
```

`NAutoVTs` shi ne adadin ƙofofin da ake buɗewa idan an zo, asalinsa 6. `ReserveVT` kuma ƙofa ɗaya ce da ake keɓewa don kada wani shiri, kamar na zane, ya mamaye ta, ita ma asalinta ta 6. Ma'anarta ko komai ya cushe kana da inda za ka samu `login:`. Kada ka mayar da ita 0 don neman burgewa. Gaskiya wannan gyaran ba ya ƙara maka ram a lokacin tashi, tunda dama ba a tayar da su ba. Amfaninsa a wurin da yara ko ma'aikata ke latse-latsen kibod ne, su bi F2 zuwa F6 su tayar da duka su tafi su bar su. Bayan gyaran ka sake kunna injin. Ana iya `systemctl restart systemd-logind`, amma a injin da wani ke zaune cikin tagogin zane yana iya watsa shi waje da aikinsa a buɗe.

Wani da za ka iya gani a jerin shi ne mai gadin `ttyS0`, daga `serial-getty@ttyS0.service`. Wannan ba ya cikin shidan. systemd na tayar da shi da kansa idan an ce wa kanel `console=ttyS0`. A sabar haya da ke wata ƙasa, wadda ba danfon da zai kai ka wurinta, sau da yawa shi ne ƙofar gaggawar da kamfanin ke nuna maka a shafinsu. Kada ka taɓa shi.

Masu runit

Naku gajere ne. A Void kowace ƙofa mahaɗi ce a `/var/service`. Cire wadda ba ka so, ka ajiye alamar kada a dawo da ita:

```
rm /var/service/agetty-tty6
touch /etc/sv/agetty-tty6/down
```

Ribarku ta ɗan fi ta saura, domin kowane agetty yana da nasa `runsv` da ke tsaye a kansa, biyu kuke sallama a lokaci ɗaya.

Sake aunawa

Kashe injin gaba ɗaya ka kunna, kada ka yarda da abin da ka gani kafin haka. Gyaran da ya yi aiki yanzu amma bai tsallake sake kunnawa ba, ranar da aka ɗauke wuta zai tona maka asiri, kuma a garin nan ba sai ka jira da yawa ba. Bayan ya tashi, maimaita umarnin `ps` da na PSS da `free -m`, ka kwatanta da takardarka. Sannan ka jona kibod da sikirin na gaske ka bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya: ta farko ta karɓe ka, ta biyu ta karɓe ka, hanyar kiran ƙari ta yi aiki. Idan injin yana da tagogin zane, duba ko sun canza mazauni. An saba samunsu a F7 ne saboda shidan farko a cike suke, idan ka buɗe wuri wani tsarin yakan matso ƙasa. `fgconsole` zai gaya maka lambar ƙofar da kake.

A akwatin Alhaji abin da muka samu bai kai megabayit biyu ba. Yaron ya dubi takardar ya dube ni ya ce, "Oga, duk wannan zaman don wannan?" Na ce ya sake buga `ps` ɗin, amma wannan karon ya jera kowa da kowa bisa girman cinsa:

```
ps -e -o rss,args --sort=-rss | head -15
```

A saman jerin muka tarar da shirin neman na'urorin Bluetooth a injin da ba shi da Bluetooth, da wani mai jiran modem da ba a taɓa jonawa ba. Ruwa bai tsaya ba tukuna, sai muka aika a sayo mana shayi da burodi wurin mai shayin bakin layi, muka ja kujera muka fara da na Bluetooth ɗin.